Lambun Bayan Gida: Shukar Oktoba, Miyar Yuni

Duk mai cefane a Abuja ya san tumatir fuska biyu gare shi a shekara. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da manyan motoci ke sauke amfanin noman rani na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a kasuwar Dei-Dei da ta Orange da ke Mararraba, kwando yakan yi arha har mai sayarwa ya riƙa kiran mai wucewa. Da ruwan sama ya sauka, na rani ya ƙare, na damina kuma bai iso ba, sai farashi ya yi sama. Daga Mayu zuwa Yuli ƙirga tumatir ake yi ɗaya bayan ɗaya a faranti.

A tsakiyar 2024 abin ya kai inda ba a saba gani ba. Babban kwando ya haura naira dubu 100 a wasu manyan kasuwannin ƙasar nan, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma suka nuna hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. A watan Yulin wannan shekarar ne aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Albashi bai san rani ba, bai san damina ba. Abin da ya shiga asusu a Fabrairu shi zai shiga a Yuni, amma uwargida a madafi ta san bambancin watannin biyu.

Wannan ne ya sa buhuna da bokitai suka fara jeruwa a bayan gidaje a Kubwa da Lugbe da Karu da Kuje da Gwagwalada. Tunanin ya daɗe. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka fi sani da OFN, ta nemi makarantu da ma'aikata da magidanta su noma duk ɗan filin da ke kusa da su. A 2024 ma ofishin uwargidan shugaban ƙasa ya gudanar da gasar lambu a kowane gida. Doka kuma ta buɗe wa ma'aikaci wannan ƙofar: Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma daga wannan hani.

Sai dai da yawa sukan fara da zafi, su bari kafin wata uku. Wani iri ya ƙi tsira masa, wani fure ya zube masa. Wanda ya yi sa'a kuwa, tumatirinsa yakan nuna daidai lokacin da kasuwa ta cika, ya ci na mako biyu, ya raba wa maƙwabta saura, a Yuni ya koma sahun masu saye. Lambun ma'aikaci yana biyan wahalarsa ne idan an faro lissafi daga watannin tsada aka komo baya: me ake so a samu a tukunya a Yuni, yaushe za a shuka shi, kuma ta yaya zai kai wannan lokaci bai lalace ba.

Rana da ruwa kafin iri

Kafin a sayi iri, a duba rana. Tumatir da tattasai da attaruhu da kuɓewa suna bukatar aƙalla sa'o'i shida na hasken rana kai tsaye. Gidajen Abuja dogayen katangu gare su, kuma lungun da ido ya fi zaɓa, tsakanin bango da katanga, sau da yawa rana ba ta leƙa shi sai da tsaka. A ware Asabar guda a lura da inda take faɗawa da hantsi da inda take da la'asar. Wurin da bai samu fiye da sa'o'i uku ko huɗu ba, a bar wa ganyaye irin su shuwaka da na'a-na'a da ɗoɗɗoya.

Sai ruwa. Mazaunin unguwar da ruwan madatsar Usuma ke isa ta famfo yana da sauƙi, amma yawancin unguwannin kewaye da burtsatse ko 'yan ga-ruwa suka dogara. Gindin tumatir da ya girma a buhu yana shan lita ɗaya zuwa biyu kullum a rani. Buhu goma ke nan jarka guda a rana, jarka 30 a wata. Mai sayen ruwa ya yi wannan lissafi tun kafin ya yanke yawan abin da zai shuka. Akwai kuma ruwan da gida ke zubarwa wanda shuka za ta so: na alwala, na wanke shinkafa da kayan miya, da wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan wanki mai omo ko bilic yana lalata ƙasa, ruwan kwata kuwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke maƙalewa a ganye, musamman wanda za a ci ɗanye. Wanda ya tari ruwan sama a duro ya rufe shi, don kada ya yi kiwon sauro a ƙofar ɗakinsa.

Rashin fili bai hana lambu. Gidan da aka daɓe da siminti, ko bene mai baranda, buhun shinkafa da bokitin fenti mai lita 20 sun ishe shi. A wanke su sosai, a huda ƙasansu wuri biyar ko shida, a ɗora kan bulo don ruwa ya tsiyaye, kuma a nisanta su kaɗan daga bango don kada laima ta ɓata fenti ta jawo magana da mai gida. Mazubin da ya taɓa ɗaukar man inji ko maganin feshi kada a yi amfani da shi. Ga ɗan haya, buhu yana da wata fa'ida: ranar tashi, lambun ma yana shiga mota.

Ƙasa da taki

Jar ƙasar Abuja idan aka zuba ta ita kaɗai a bokiti takan daskare kamar tubali, bayan gidaje da yawa kuma ɓaraguzan gini ne aka lulluɓe da 'yar ƙasa. Haɗin da ya fi dacewa shi ne kashi biyu na baƙar ƙasa ta sama, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi ko buntun shinkafa. Masu sayar da furanni a bakin titunan birni suna sayar da baƙar ƙasa a buhu.

Kalmar ruɓaɓɓe tana da muhimmanci. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwanaki. A tara shi a gefe, a yayyafa masa ruwa, a riƙa juyawa har kusan wata biyu, sai zafinsa da warinsa sun tafi. Ɓawon doya da dankali da ayaba da busassun ganyaye duk suna zama taki idan aka tara su a rami ko a tsohon duro, amma kada a haɗa da nama ko abinci mai maiƙo, domin su ne ke gayyato ɓeraye.

Takin zamani kaɗan ake bukata. Cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15 ya ishi gindi guda, mako biyu bayan dashe, a binne shi nesa da kara gwargwadon faɗin tafin hannu, a maimaita idan fure ya fito. Yawan yuriya yana ba da ganye shar mai ban sha'awa, 'ya'ya kuwa ƙalilan.

Kowane lokaci da shukarsa

Damina a Abuja takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Janairu, sannan zafi ya karɓa har saukar ruwa. Mafi yawan asarar sababbin masu lambu daga saɓa wa wannan jeri take fitowa.

Damina lokacin ganye ne. Alayyahu ya fi kowa saurin biya: a cakuɗa irinsa da yashi, a yayyafa, cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka, kuma idan aka bar ɗan kara zai sake tohowa sau biyu ko uku. Maimakon a shuka duka rana ɗaya, a yayyafa sabon baho kowane mako biyu, don kada ya zo gaba ɗaya ya tsufa a tsaye. Rama da yakuwa da lalo da karkashi ba su da rainon wahala. Kuɓewa ba a dasa ta. A jiƙa irin ya kwana, a shuka kai tsaye, cikin mako shida zuwa takwas ta fara bayarwa, a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu kafin ta yi tauri. Ugu yana son igiya ko raga a jikin katanga. Zogale gindi biyu sun ishi gida, muddin ana sare kansa idan ya kai mita ɗaya don ya yi rassa inda hannu zai kai.

Attaruhu ya cancanci wuri na musamman a lambun ma'aikaci, domin yana tsada a watannin da tumatir ke tsada, kuma ya fi tumatir jure damina. Idan aka yi renonsa a Fabrairu, aka dasa a ƙarshen Maris bayan mako biyar ko shida, aka riƙe shi da ban ruwa har ruwan sama ya zauna, zai fara nuna daga ƙarshen Yuni ya ci gaba da bayarwa watanni.

Tumatir kuwa ɗan sanyi ne. A yi renonsa a farkon Oktoba, a dasa da yamma bayan mako uku zuwa huɗu, lokacin da ya yi ganye huɗu ko biyar, a kafa masa sanda, ya yi fure a sanyin Disamba, a tsinka a Janairu da Fabrairu. Dalili shi ne idan zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen yakan bushe ya faɗi bai ƙulla ba. A tsakiyar damina kuma laima tana kawo masa cututtukan ganye da na saiwa. Ire-iren Roma VF da UC82B suna da kaurin tsoka da ƙarancin ruwa, shi ya sa suka dace da shanya da markaɗe. Latas da kabeji da karas da albasa su ma a wannan sanyi suke yi.

A sayi iri a rufaffen ƙunshi mai kwanan wata. Gwajinsa ba wuya: ƙwaya goma a jiƙaƙƙen ƙyalle, idan mako ya cika bakwai ba su tsira ba, a nemi wani. Irin da aka rubuta F1 a jikinsa haɗe ne, yana ba da amfani mai yawa, amma 'ya'yansa ba sa gadon uwa, don haka ba a ajiye irinsa don baɗi.

Abin da ganye ke nunawa

Shuka takan nuna ciwonta kwanaki kafin ta mutu, kuma yawancin alamun ba feshi suke bukata ba.

Idan tsiro a wurin reno ya riƙa karyewa daga wuya yana kwanciya, ruwa ne ya yi yawa ko an cunkushe shi. A rage ruwa, a sassauta. Idan ƙasan ɗan tumatir ya yi baƙin tabo mai lotsewa, rashin daidaiton ban ruwa ne: yau ƙishi, gobe ambaliya, har sinadarin kalsiyam ya kasa kaiwa ga 'ya'yan. Maganinsa ban ruwa a kan lokaci da lulluɓe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa.

Idan sababbin ganye suka nannaɗe sama, suka yi rawaya, gindi ya tsumbure, cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, wannan ɗan ƙwaron da ke tashi kamar gari idan an girgiza ganye. Ba ta warkewa. A tumɓuke gindin a fitar da shi daga lambu. Rigakafinta shi ne a yi reno ƙarƙashin tsohon gidan sauro. Idan kuma gindi ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa kore ne ƙasarsa kuma jiƙe, a yanki karan a tsoma a kofin ruwa mai haske. In wani farin abu kamar zare ya riƙa gangarowa, cutar bakteriya ce da ke zaune a ƙasa. A zubar da ƙasar buhun nesa, kada a sake sa mata tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Saiwar da ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi kuwa aikin wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Irin wannan ƙasa a jiƙa ta, a rufe da farar leda, a bar ta makonni a zafin Maris kafin a sake amfani da ita.

Akwai kuma tsutsar da manoman Arewa ba za su manta ba, Tuta absoluta, wadda suka laƙaba wa suna Sharon. Asalinta Kudancin Amurka. A 2016 ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman. Uwarta wata 'yar ƙwaro ce mai tashi da dare, tsutsar kuma tana shiga tsakiyar ganye ta ci daga ciki, ta bar fararen tabo kamar takarda, daga nan ta huda 'ya'yan. Da yake a ɓoye take, feshi ba ya cika samunta. Mai gindi goma yana da damar da mai eka goma ba shi da ita: ya duba ganye ɗaya bayan ɗaya, ya cire mai tabo, ya ƙulle a leda ya bar ta a rana.

Darɓa takan taru a ƙarƙashin ganyen kuɓewa da attaruhu, kuma zirga-zirgar tururuwa a kan kara ita ce alamarta ta farko. Ruwa da ɗan sabulun wanka ya isa ya wanke ta. Kaji da ƙadangaru raga ce maganinsu, dodon koɗi kuma da dare ake tsince shi da tocila.

Hattara da kwalbar magani

Ga wanda ƙwari suka fi ƙarfin hannunsa, darbejiya tana kusa. A ɓare busassun 'ya'yanta, a daka ƙwayar, kimanin giram 50 ga litar ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako. Ba ta kashewa nan take, tana hana ƙwaro ci da hayayyafa ne.

Abin da ya kamata a guje masa shi ne fesa wa kayan miya maganin da ake kira fiya-fiya da danginsa masu sinadarin dichlorvos. Ragowar wannan sinadari ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. A lambun da ake tsinka kullum, a gidan da yara ke wasa, hatsarin ya fi haka kusa. Idan dole sai an sayi magani, a tabbatar yana da lambar NAFDAC, an kuma rubuta cewa ya dace da kayan lambu, a bi awon da ke jikinsa, a ƙirga kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka.

Ga mai fita da asuba

Ma'aikacin da ke sammako don ya riga cunkoson Nyanya ko na titin filin jirgi, da hadimin da ba ya tashi sai maigidansa ya tashi, ba su da fiye da minti goma sha biyar a rana. Lambun ya zama daidai wannan lokaci. Ban ruwa da asuba, a gindi, ba a kan ganye ba. Ciyawa ko buntu a saman buhu yana rage ƙafewar ruwa ƙwarai. Idan tafiyar aiki ta taso, a huda murfin gorar ruwa da allura, a cika ta, a kife a cikin ƙasa kusa da saiwa, za ta riƙe gindi kwana biyu ko uku. Tafiyar da ta fi haka tana bukatar mutum, kuma gara a damƙa wa mutum ɗaya da sunansa, domin aikin da aka bar wa kowa a gida ba mai yin sa.

Shanya, tsohuwar dabara

Adana amfani daga tsinka yake farawa. A tsinka da safe kafin rana ta yi zafi, a ware mai rauni a fara ci, kada a wanke sai za a yi aiki da shi, kada kuma a ƙulle a leda.

Sa'ar da Abuja ta yi ita ce tumatir yana nuna a lokacin da iska ta fi bushewa. Kauɗa ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe, abin da ake bukata shi ne a tsabtace yadda ake yin ta. A wanke tumatir nunanne mai tauri, a yanka da faɗi, a barbaɗa ɗan gishiri, a jera a kan raga da aka ɗaga sama da ƙasa don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, a rufe da wata ragar saboda ƙuda da ƙura, a shigar da shi ɗaki da magariba. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai ya bushe. Tumatir kusan duk ruwa ne, don haka kilo goma ba zai ba da cikakken kilo ɗaya na kauɗa ba, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin yana yin miyar makonni.

Shanya a ƙasa ko a gefen titi tana da hatsarin da ya wuce yashi a miya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci, kuma a rani ya fi tsananta, daidai lokacin shanya. Shi ya sa hukumar NCDC take nanata a rufe abinci, a daina baza shi inda ɓera zai taka.

Attaruhu da tattasai a tsaga su, a tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kafin shanya, launinsu zai fi tsayawa. Kuɓewa a zaɓi ƙanana, a yanka, a shanya, a bar dakan sai za a yi miya. Alayyahu da rama a tsoma su minti ɗaya ko biyu a tafasasshen ruwa, a tsane, a shanya a inuwa mai iska. Zogale ma a inuwa, domin rana tana cinye korensa da wani ɓangare na amfaninsa. Ganyen ajiya a ƙarshen damina ake tara shi, Oktoba zuwa Nuwamba. Wanda aka shanya a Agusta fumfuna yake yi. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke Ilorin ta daɗe tana ƙera akwatunan shanya masu amfani da zafin rana, kuma kafinta zai iya haɗa ƙarami da katako da raga da farar leda.

Kafin a ajiye, a zuba busasshen a kwalba a rufe kwana uku. Idan gumi ya bayyana a jikin gilashi, bai gama ba, a mayar da shi rana. Wanda ya gama a ajiye shi a mazubi mai rufuwa gam, a wuri mai duhu, domin laimar Yuni tana ratsa buhu. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar.

Kwalba, tukunya da firiza

Hanya ta biyu ita ce markaɗe a kwalba. A markaɗa tumatir zalla, a tafasa har ya yi kauri, a wanke kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe marar tsatsa a tafasa su, a zuba cokali biyu na ruwan lemon tsami ga kowace lita, a cika da zafinsa a bar ɗan sarari kamar faɗin yatsa, a rufe. Sannan a jera kwalaben a babbar tukunya da ƙyalle a ƙasanta, ruwa ya shanye kansu, a tafasa minti 40 ga mai rabin lita, minti 50 ga mai lita. Idan sun huce, murfin da ya kama zai lotsa ciki. A rubuta kwanan wata.

A nan ne gidaje da yawa ke yin kuskure mai hatsari, wato haɗa tumatir da tattasai da albasa a kwalba ɗaya a ajiye a kanta. Tsamin tumatir da na lemon shi ke hana wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum tsira a rufaffiyar kwalba. Tattasai da albasa ba su da wannan tsami, tafasar tukunya kuma ba ta kashe ƙwayar, gubarta kuwa tana shanye jiki har ta kai ga rai, sau da yawa ba tare da wari ko canjin ɗanɗano ba. Haɗin miya wurinsa firiza. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, kada ko ɗanɗanawa a yi.

Don ajiyar kwanaki, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa a karkara har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a baki. Ƙafewar ruwa ce ke sanyaya cikin, don haka a rani take aiki sosai, a damina ƙarfinta yakan ragu.

Firiza tana da sauƙi, amma mazaunin Abuja ya san halin wuta, kuma tun Afrilun 2024 kuɗin lantarki na rukunin Band A ya ninka fiye da sau uku. A ƙulla markaɗe a ƙananan ledoji, kowace daidai girki ɗaya, a shimfiɗe su don su yi saurin ƙanƙara. Kada a zuba dukan amfanin shekara a cikinta. A raba uku, wani a shanya, wani a kwalba, wani a firiza, yadda lalacewar taransifoma ta mako guda ba za ta tafi da komai ba.

Lissafin gaskiya

Gindin tumatir da aka kula da shi a buhu yakan ba da kilo biyu zuwa uku. Buhu goma ba za su riƙe gida mai mutum shida daga Mayu zuwa Yuli ba, kuma bai kamata a yi wa kowa wannan alkawari ba. Amma wanda ya koyi shanya da cika kwalba a kan amfanin lambunsa ya samu abin da ya fi amfanin kansa daraja, domin dabarar tana aiki a kan kwandon kasuwa. Abokan ofis uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi a Fabrairu, su sayi kwanduna lokacin arha, kowa ya ba da ƙarshen mako guda ga wuƙa da raga da tukunya.

Ga mai farawa, buhu shida da baho biyu sun isa a shekarar farko: baho biyu na alayyahu da ake sabuntawa, buhu uku na attaruhu, uku na kuɓewa a damina, waɗanda za a sake wa ƙasa su karɓi tumatir a Nuwamba. Da rarrafe yaro kan tashi. Idan waɗannan suka kai shekara da ransu, aka kuma buɗe kwalbar farko a watan Yuni aka same ta lafiya, sai a ƙara buhu.